Na Mayar da Furar Gayya Gida, Yanzu Ɗana Yana Neman Bindiga

Assalamu alaikum Hajiya Mardiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan maganata ta yi tsawo. Kwana tara ke nan ina haɗiye ta, ta ƙi wucewa.

Ni malamar firamare ce a da, a wani ƙauye can wajen Turba. Shekara uku da suka wuce muna dawowa daga kasuwar Sabon Birni da rana tsaka 'yan bindiga suka tare motarmu. Mijina Maliki nan bakin hanya suka harbe shi, ni kuma suka kora ni daji tare da wasu mata. Kwana goma sha tara na yi kafin Allah ya fitar da ni. Daga nan na kwaso 'ya'yana muka dawo cikin garin Isa, ƙanin mijina ya ba mu wata 'yar gona a bayan gari, da ita muke ci.

Babban ɗana Hafizullahi shekararsa ashirin. Bayan mutuwar ubansa ya shiga 'yan sa-kai, ya samo bindiga ƙirar gida, ya daina dariya, ya daina zama a gida. Babu irin kukan da ban yi ba. Ana haka wani tsohon hedimasta, Malam Attahiru, ya kafa ƙungiya a unguwarmu, shi da wasu dattawa. Suna tattara samarin gari suna koya musu gyaran babur da walda da ɗinki, sharaɗinsu ɗaya ne, ka ajiye makami. Ni na kama hannun Hafizu na kai shi. Yau shekara guda yana gyaran babur, har ya yi ƙiba. Saboda haka kada ki ɗauka ni maƙiyiyar ƙungiyar nan ce. Duk ranar Asabar ni ke koya wa samarinsu karatu, kuma ban taɓa gajiya ba.

Da daminar bana sai suka farfaɗo da gayya, suka ce za su nome wa matan da aka kashe wa maza gonakinsu. Na yi murna ƙwarai, don haki ya kusa cinye min gero. Kin san yadda gayya take, mai gona ke ciyarwa, kuma ba a zaɓen wanda zai sha. Ni da 'yata Naja'atu muka wuni muna daka, na samo nono mai kyau, na dama fura ƙwarya uku. Da rana ta take muka ɗauka muka nufi gona. Samari kusan talatin, ana kiɗa, sun ci rabin gonar.

Na sauke ƙwarya ina raba ludayi sai wani ya miƙo hannun hagu, yatsu biyu babu. Hajiya, na san hannun nan. Shi ne hannun da ya ɗaure min ƙafa da igiya a daji. Shi ke tsaronmu da bindiga, shi ke auna mana ruwa da murfin jarka sau ɗaya a yini, ruwan ma warin fetur yake yi. Na ɗaga kai, shi ne, Jibrilla sunansa. Ban taɓa ganinsa a ajina na Asabar ba. Shi ma ya gane ni, don nan take ya sunkuyar da kai. Ban san ko shi ya harbi mijina ba, ba zan yi masa ƙarya ba, amma wannan da na faɗa ya yi shi. Ban ce wa kowa komai ba. Na rufe ƙwaryata, na ce wa Naja'atu ta ɗauka, muka juyo gida da furarmu. Makaɗa suka yi shiru, samari suka watse da yunwa, aka bar gonar rabi.

Tun ranar ni ce abin magana a unguwa. Wai na wulaƙanta gayya, wai ba a taɓa ganin mai gona ta hana manoma fura ba. Malam Attahiru ya aiko a gaya min cewa Jibrilla ya tuba ya baro daji tun bara, sun ɓoye tarihinsa ne don kada a tsangwame shi, kuma ya kamata in ba samari haƙuri. Ni za ni ba da haƙuri? Ya san an sace ni, ya san daga ina yaron ya fito, amma ya turo min shi gonata ban sani ba, in durƙusa in ba shi fura. An yi tunanin mutuncin mai ɗaure mutane, ni da aka ɗaure babu wanda ya tuna da ni. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Ga inda na yi wauta. Hafizu ya shigo yana faɗa, wai na kunyata shi a gaban abokansa, sai na fashe na gaya masa komai. Ashe shi da Jibrilla rumfa ɗaya suke aiki, kwano ɗaya suke ci. Hafizu ya juya ya fita. Tun ranar bai koma rumfa ba, kuma Naja'atu ta ji cewa ya je wurin tsofaffin abokansa 'yan sa-kai yana neman aron bindiga. Hajiya, yaya za ni yi? In yafe ba zan iya ba, in yi shiru ɗana ya zama mai kisa.

Wata uwa daga Isa

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Malam Maliki, ya saka miki a kan abin da aka yi miki.

Bari in fara da abin da babu wanda ya faɗa miki a unguwarku: ba ki yi laifi ba da kika kasa miƙa ludayin nan. Ni kaina da na karanta wasiƙarki raina ya ɓaci. Malam Attahiru yana aikin alheri, kuma yana da hujja, don idan aka rufe wa kowane tubabbe ƙofa daji zai koma. Amma ya yi kuskure babba. Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, haƙƙin wanda aka zalunta kuwa yana nan sai mai shi ya yafe da kansa. Ba a yafe wa mutum a madadin wani, ba a kuma kawo wa mutum wanda ya cuce shi ba zato a gaban jama'a.

Sai dai samari ashirin da wani abu da suka wuni a rana ba su yi miki komai ba, kuma har yau ba su san dalili ba. Wannan kam kina iya gyarawa ba tare da kin zubar da girmanki ba.

Amma duk wannan ya jira, ɗanki ne na gaba. Yau ɗin nan ki zaunar da shi, ki kira baffansa wanda ya ba ku gona ya zauna tare da ku. Hafizu ya ji zafinki amma bai ji abin da kike so ba, don haka yana ganin ramuwa kika aike shi. Ki faɗa masa da bakinki, ba da hannunka mai sanda ba, cewa ba ki yarda ya taɓa Jibrilla ba, kuma idan ya ɗauki bindiga ya saɓa miki. Ki tuna shi ma an yaudare shi, Jibrilla abokin cin kwanonsa ne. Ki bar shi ya yi fushinsa a gabanki.

Daga nan ki je wurin Malam Attahiru da ƙafarki, ke da baffan yaran da limamin unguwa, kada ki yi aike. Ki gaya masa maganar bindigar tun da wuri domin a raba Hafizu da Jibrilla rumfa, a ɗauke Jibrilla daga unguwar zuwa wani lokaci, a kuma ja kunnen masu ba da aron makami. Ki nemi ƙungiyar ta kafa doka cewa ba za a sake kai tubabbe gonar wanda aka taɓa sacewa ko aka kashe wa wani ba sai an tambaye shi ya amince. Ke malamarsu ce, kina da bakin faɗin haka. Idan kuma kina son kai shaidarki gaban hukuma, haƙƙinki ne, kada kowa ya hana ki. Sauran samarin, Malam Attahiru ne zai yi musu bayani gwargwadon abin da kika yarda a faɗa, tunda shi ya jawo.

Yafiya kuwa ban ce ki yi ba. Idan ta zo wata rana, ta zo, idan ba ta zo ba babu mai tuhumarki. 'Yan bindiga sun karɓe miki miji kina kallo, ba ki da yadda za ki yi. Wannan karon kina da yadda za ki yi, don yaron yana cikin gidanki kuma yana jin maganarki. Ki ajiye jaridar nan ki neme shi.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya tsare miki Hafizullahi, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Taki,
Hajiya Mardiyya