Na Wanke wa Ɗana Kayan Soja, Ya Daina Haɗa Ido da Ni

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in je bakin ƙofa in dawo ban san abin da na je yi ba.

Ni uwa ce, 'ya'yana huɗu, kuma ban rene su da sakarci ba. A gidana ba a barin kwano da datti, ba a rataye riga da gumi. Babbansu shekararsa talatin da ɗaya, yana gyaran na'urori a asibiti, ba ya shan komai, ba ya yawon banza. Ciwonsa ɗaya ne: tara tsofaffin kayan soja. Rigunan kaki da asu ya ci, hular kwano mai lotsewa, ɗamara, maɓallai, anini, igiyoyin muƙamin kofur da saje, lambobin yabo da suka yi baƙi ƙirin. Ya cika ɗaki da kayan matattu, kowanne da 'yar takardar bayaninsa ɗaure da zare. Na sha gaya masa namiji mai hankali gaba yake kallo, ba tsummokaran mutanen da ko sunansu bai sani ba. Sai ya yi murmushi ya ce ai sunan nasu yake nema.

Da aka tura shi kwas na kwana tara na shiga ɗakin. Wallahi warin tsufa ne ya tare ni tun daga ƙofa. Na tsinke takardun nan na zuba a leda, na jiƙa rigunan da omo da bilic, na dirje lambobin da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido. Igiyoyin da na tarar a warwatse na ɗinke su a hannayen rigunan da na ga babu. Na goge komai na jera. Kwana uku ina wannan aikin, bayana har yanzu bai saki ba. Ni a zatona zai dawo ya sa mini albarka.

Da ya shigo ya gani sai ya zauna a ƙasa, ya zaro riga guda yana juya wuyanta yana duba ciki, ya daɗe a haka. Ashe wannan ba tasa ba ce. Wata dattijuwa ce ta kawo masa, rigar mahaifinta ce wanda ya tafi yaƙi tana goye bai dawo ba, rigar kawai aka aiko. A cikin wuyan akwai lambarsa ta soja da tawada, ta dushe, shi kuma yana jiran aron wata fitila mai shuɗin haske da za ta fito da ita, don a gano bataliyarsa da inda aka binne shi. Yanzu wurin fari fat. To ni ina zan sani? Abin da na gani datti ne.

Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Yana gaishe ni kansa a ƙasa, ya ci abinci ya wanke kwanonsa ya fita. Ƙanwarsa ta ce ya fara neman ɗakin haya. Dattijuwar mai rigar kuma ranar Asabar za ta zo jin labari. Ni dai abin da na sani, uwa ba ta durƙusa wa ɗan da ta haifa saboda tsumma. 'Ya'yan yanzu an koya musu fushi da iyaye. Amma me ya sa nake ta komawa ɗakin ina juya wuyan rigar nan? Ki gaya mini yadda zan sa ya dawo hayyacinsa kafin ya kwashe kayansa.

Uwar da ta kasa zama

Amsa

'Yar'uwa, sannu da wannan damuwa. Zan fara da abin da yake naki. Kwana uku kina wanki da ciwon baya, babu mai yin haka sai mai ƙauna. Kuma ɗanki yana da nasa laifin: wanda ya karɓi amanar mutane ya ajiye a gidan da ya san uwarsa ba ta ganin ƙura ta wuce, ya kamata ya kulle ta a akwati, ko ya buɗe baki ya yi miki bayani.

Amma kin ce in nuna miki yadda zai dawo hayyacinsa, ni kuwa ban ga inda ya fita ba. A wajen masu wannan aiki, baƙin da ke jikin lamba da tawadar da ke cikin wuya su ne shaidar kayan. Igiyar saje da kika ɗinka a rigar da ba tata ba ta mai da rigar maƙaryaciya. Aikin shekaru ya tarar a wanke, kuma bai faɗa miki kalma mai zafi ba. Wannan tarbiyyarki ce take aiki. Kansa da yake sunkuyarwa kunyar Asabar ce ta fi yawa a ciki.

Kada ki sake taɓa rigar, ba ruwa, ba guga, ba murzawa da yatsa. Wani lokaci tawada takan bar gurbi a zare wanda ido ba ya gani amma fitilar ta nuna. Ban yi miki alkawari ba, sai dai duk taɓawa tana rage abin da ya saura. Ledar takardun nan, in tana nan, ki miƙa masa yau. Ke kika cire su, ke kaɗai za ki iya tuna wacce ta fito daga wace riga, kuma ke kika san inda kika ɗinka kowace igiya. Ki zauna kusa da shi ku warware ɗinkin tare, shi yana faɗa kina bi.

Batun ban haƙuri kuwa, babu wanda ya ce ki durƙusa. Ki kira shi ki ce ba ki sani ba, kin yi ɓarna, ya yi haƙuri. Ki tsaya a nan, kada ki ɗora da wa'azin tsafta.

Abu mafi nauyi shi ne Asabar. Kada ki bar shi ya tari dattijuwar nan shi kaɗai, don na san irinsa, zai ɗauki laifin ya ce shi ne ya yi sakaci, ya rufa miki asiri. In kika bari ya yi haka, ko bai tashi daga gidan ba kin yi nisa da shi. Ki fito ki gaishe ta, ki gaya mata da bakinki cewa hannunki ne ya wanke lambar mahaifinta. Tana iya yin kuka, tana iya ƙin kallonki, ki daure. Kin shekara talatin kina koya wa yaron nan cewa wanda ya yi laifi ya amsa laifinsa. Ranar Asabar zai tsaya a gefe ya ga ko ke ma kin yarda da hakan.

Allah ya sa fitilar ta nuna wani abu, ya sanyaya zuciyar baiwar Allah nan, ya bar miki ɗanki a kusa.