Umrar da Na Yi wa Saratu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, manyanku da yaranku. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Da murya na aiko maganata mai shafi ya rubuta. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina.

A Makka nake. Ina goye aka shigo da ni ta Sudan. A unguwar Nakkasa na yi aure, na haihu, na binne miji. Da aka rushe unguwarmu muka koma haya a Kudai, ni da ɗana na fari da matarsa da 'yarsu. Shi direban bas ɗin alhazai ne, rabin wata yana hanyar Madina. Yarinyar zan kira ta Ummi. Shekararta tara, da sikila aka haife ta. In ciwon ya taso sai ta riƙe gyalena tana cewa, "Sitti, ki cire mini ƙafar nan, ba na son ta." Sitti kaka ke nan a bakin yaran nan.

Ana nan, ana nan, sai surukata ta dawo daga asibitin Jidda da takarda. Ta ce likitoci na binciken wani sabon magani, sun yarda su sa Ummi, kuma waƙafin wasu iyali ne a ƙasar waje ke ɗaukar nauyin aikin. Na ce waƙafin wa? Ta ce 'ya'ya ne suka kafa da sunan iyayensu da suka rasu, Ishaƙu da Saratu. Ta ƙara da Larabci ta ce, "Ahlul kitabi ne, Inna." Ni kuwa da na ji kitabi, ga sunayen gidan annabawa, sai na ɗauka gidan malamai take nufi. Na rangaɗa guɗa. Ban tambaya ba, ita ma ba ta san ban gane ba. Uban Ummi ya dawo a gajiye, na ce sa hannu, mutanen kirki ne. Bai karanta ba ya sa, don bai taɓa tsallake maganata ba.

Maganin ya karɓe ta. Wata bakwai ba mu kwana asibiti ba. Yarinya ta yi kumatu, har gudu take a bene. Ni kuma na ɗauki alkawari: na yi wa Saratu umra, na yi wa Ishaƙu ɗawafi, na tara matan unguwa aka sauke musu Alƙur'ani aka ci shinkafa. Babu gidan da ban shiga na yi alfahari da su ba.

Bayan an watse ranar saukar, muna wanke tire, surukata ta ce murya ƙasa-ƙasa, "Inna, kin dai san Yahudawa ne ko? Ai na faɗa miki." Tiren ya suɓuce mini. Ta ce waƙafin na taimakon masu zane da masu kiɗa da al'amuran addininsu, binciken magani kuma na kowa ne. Na ce ta rufe bakinta, kada uban Ummi ya ji, kada kowa ya ji. Ta ce, "Gara mu gaya masa." Na ce, "Ni ce uwarsa ko ke?" Ta ɗauki tiren ta ci gaba da wankewa. Wata huɗu muna haka, kowane sati ni nake raka su karɓar magani, da sanina.

Sai wata rana bayan la'asar ɗana ya shigo da waya a hannu, wani abokin aikinsa ya nuna masa labarin masu waƙafin. Maƙwabciyata tana zaune muna shan shayi, mace ce da in ta ji abu da safe, kafin azahar an ji shi har unguwar Jarwal. Ya ce, "Inna, kin san kuɗin su waye? Kin sani kika yi musu umra?" Maƙwabciyar ta ajiye kofi tana kallona. Jama'a, ta tagar ɗakin nan ana hango agogon Harami. Ina kallonsa na ce, "Wallahi ban sani ba. Matarka ce ta rufe ni." Surukata na tsaye bakin kicin. Ba ta ƙaryata ni ba. Abin da ta ce kawai, "Haka ne, Inna?" Na kau da kai. A ranar ya yi mata saki ɗaya ta tafi gidansu Jidda, washegari ya je ya cire Ummi daga shirin.

Me na kare? Addini? Ƙarya ne. Fuskata na kare, kada a ce tsohuwar da ta tsufa a gindin Ka'aba ba ta san wanda take wa ibada ba. Kuma duk da haka an ce. Maƙwabciyar nan in ta gan ni sai ta ce, "Hajiyar Saratu, yaushe za a sake sauka?" Ita da ko ruwa ba ta taɓa kai mana asibiti ba! Ina masu kuɗinmu suke shekarun da muke yawo da takardun yarinyar nan ƙofa ƙofa? Sai matattun da ba su san mu ba, ba addininmu ɗaya ba, su ne dukiyarsu ta iso mu, ni kuma na saka da rantsuwar ƙarya a kan 'yar mutane.

Na je wurin wani malami na ce wata mata ce ta aiko ni. Ya ce maganin halal ne, umrar ba ta isa gare su ba amma rashin sani ne, Allah mai gafara ne. Rantsuwar ce ya ce babba ce, kuma tuba ba ta cika sai an mayar wa wadda aka zalunta haƙƙinta. Ya dube ni ya ce, "Ki gaya wa matar ta yi sauri."

Na gwada lallashin ɗana ta gefe. Ya ce, "Inna, da ke kika amince da saninki da ban ce komai ba. Amma a yaudari uwata a sa ta zagaya Ɗakin Allah a kan ƙarya? Hannuna ba zai sake taɓa takardar nan ba." Kun ji. Don ni yake yi.

Ciwon Ummi ya dawo, sau biyu ana kwantar da ita. Jiya surukata ta kira ni. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ce, "Inna, ba don aurena na kira ba. Likita ya ce in ubanta bai sa hannu kafin sabon wata ba, za a ba wani yaro gurbinta." Ummi kuma ta tambaye ni ko laifin da Mama ta yi ne ya dawo mata da ciwon.

Ranar Alhamis ɗana zai dawo daga Madina. In na faɗa, ɗan da bai taɓa jin ƙarya a bakina ba zai san ni na sa ya saki matarsa a banza, kuma ban san da wane ido zai sake kallona ba. In na yi shiru, wata zai tsaya. Sau uku ina buɗe baki a gabansa, sai in ji ina tambayarsa ko ya ci abinci. Ku da kuka yi karatu, ta ina uwa take fara irin wannan magana? Me zan yi?