Kada Ki Rufe Shi da Zinariya

Al Quoz, 2007

Zuwa ga Ni'imatu, sanyin idona, ruwan randa a tsakar zafin Dubai, farin watan da ke sa ni ɗaga kai ko da kwali a kafaɗata!

Labari ya iso min daga bakin yayarki Hannatou, wai kin kama randebu, kin sa ranar ganin likitan haƙori a unguwar Deira ran Asabar, za a lulluɓe ɗan haƙorinki na gaba da zinariya kafin bikinmu. Haba gimbiya! Da wa kika yi shawara? Duk faɗin garin nan akwai wanda ya san haƙora kamar mijin da za ki aura?

Kin sha yi min tsiya kan gwangwanin da nake tara haƙoran kifin shak na zamanin da, waɗanda suka zama dutse. Tun ina yaro nake tsintar su a busassun kwazazzaban garinmu Tawa, inda aka ce teku ya taɓa kwanciya, yanzu kuma duk kwantenar duwatsun ado da muka sauke a sito sai na roƙi maigida ɓarɓashin da ya rage a ƙasanta, in tona ko na dace da haƙori. Kin ce kunya ta hana ki faɗa wa ƙawaye sana'ata ta biyu. To ki sani, masu sayar da irin haƙoran nan kan cike ɓantararren haƙori da gam, su goge shi ya yi ƙyalli. Wallahi ko kyauta ba na karɓar irinsa!

Kin tuna ranar da muka tsallaka ruwa a abra, ɗan jirgin fiton nan, igiyar ruwa ta watsa min ruwa a sabuwar shadda? Kika tuntsire da dariya har kika manta da jan mayafi ki rufe baki. Ran nan na fara ganin ɗan ɓantaren nan da goruba ta yi miki a haƙori kina ƙarama. Khalas, shi ke nan, nan take sonki ya kayar da ni, har yau ban tashi ba. Shi kike kira aibi? Deira cike take da zinariya, ina zan samo wani irinsa?

Na roƙe ki, habibti, masoyiyata, ki bar min shi. In kuwa kin kafe, bakinki ne, zan so ki da zinariya, zan so ki ranar da ba sauran ko ɗaya sai dasashi. Sai dai ki bari in raka ki, ki yi min dariya guda a ƙofar likitan, ba hannu ba mayafi, in yi bankwana da shi.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Rabiou