Kwalaben Juma'a

Roni,
14 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Mele,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida uwargidanka Hajja Kaka da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? An ce mini yanzu sai da sanda kake zuwa masallaci a Babura. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka.

Dubi kwanan watan da ke sama. Yau shekara arba'in cif da ranar Alhamis ɗin da mutum biyar suka zauna a ofishin shugaban sashenmu a jami'a, suka rubuta cewa Muhammadu Lawal Roni ƙirƙirar sakamakon bincikensa ya yi. Kana wurin. An tambaye ka ko ka taɓa ganin man ya daskare da idonka, ka ce ba ka tuna ba. Tun daga nan mun sha haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, mu yi wasan Fulani da Barebari mu rabu, amma ban manta ba ko rana ɗaya.

Tun da ba ka tuna ba, bari in tuna maka. Aikina shi ne mayar da man gyaɗa bota. Man ba ya karɓar iskar haidurojin sai an sa masa garin nikel, wanda muke kira katalis. A fatar ƙarfen, wato saman kowace ƙwaya, ake yin komai: iskar ta sauka a kai ta rabu biyu, man ya zo ya ɗauka ya wuce, wurin ya koma fili ga na baya. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin nikel, gwargwadon yawan fatar da za a sauka a kai. Masana'antun Kano daga waje suke sayo nasu. Ni kuwa na ɗora nawa a kan farar ƙasar bayan duwatsun garinmu, wadda mata ke shafe ɗaki da ita. Na haɗa sau ashirin da biyu. Sau goma sha biyar ya daskarar da mai a rabin lokacin da na Turawa ke ɗauka. A ɗaya daga ciki ka lakata da yatsa ka ce ya fi na kanti. Sau bakwai kuma ya kwanta kamar toka, ban san dalili ba. Farfesan sashenmu ya ce ƙasar shafe ɗaki ba ta isa ta yi haka ba, in sake haɗa sabo in gwada a gaban kwamiti. Na haɗa, na gwada ranar Litinin. Awa uku suna tsaye, mai yana nan ruwa. Shi ne na bakwai.

Sauran ka sani, an hana ni digirin. Kai ka zama darakta, ni na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi tsakanin Gwiwa da 'Yankwashi. A majalisar bakin masallacinmu har yau Dakta Bota suke kirana.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Sadiqa, 'yar yayata Adda Uwa, wadda ta yi digirin dakta a kan irin wannan aiki. Da ta zo ƙaramar Sallah ta ga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Ka san kowane haɗi nakan tsoma ragowarsa cikin daskararren mai in liƙe bakin kwalbar da wuta, in manna takarda mai kwanan wata. Duk ashirin da biyun suna nan, da littafina. Ta ce a inda take aiki a waje akwai na'urar da ke ganin ƙwayar ƙarfe ɗaya ɗaya, da wata mai faɗin abin da ya zauna a fatarsa. Na ce mata, «Ki bar su, Dakta, an riga an yanke hukunci.» Ta ce, «Kawu, kwamiti ne ya yanke, kwalabe ba a tambaye su ba.» Ta tafi da su.

Ina so ka sani tun yanzu. In sun ce ƙarya na yi, zan rubuto maka da hannuna.

Naka,
Lawal

Roni,
20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Mele,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, da fatan gero ya yi kyau a Kanya Babba. Wasiƙarka ta iso ta hannun direban Kazaure. Na karanta inda ka ce tsoro ka ji kada a riƙe naka digirin, kana da mata da ciki a lokacin. Na ji. Ban ce na yafe ba, amma na ji.

Yanzu gyara zama, Babarbare, ka sha labari.

Wata Talata da hantsi, makonni uku da suka wuce, ina shanya wake Sadiqa ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, abin da ba halinta ba ne. Ta ce ta fasa kwalabe, ta wanke man, ta gwada. Goma sha biyar ɗin nan har yanzu suna aiki, Mele. Bayan shekara arba'in a ƙarƙashin gado. Ta ce farar ƙasarmu tana da ƙananan ramuka da ke riƙe nikel ya kasa dunƙulewa, sai ya tsaya ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kowace faɗinta wajen nanomita uku. Na tambaye ta nawa ke nan, ta ce in tsaga gashin kaina gida dubu ashirin. Ta ce abin da yanzu ake kashe dukiya ana nema, shi na yi da murhun lantarki mai tsatsa ban san sunansa ba. Sai da na zauna a kan buhu.

Sannan ta zo kan matattun bakwai. Ta ce nikel ɗinsu daidai yake da na sauran, ƙanƙantarsa ɗaya, amma fatarsa a rufe take da dalma da farar wuta. Waɗannan biyun in suka sauka a kan nikel ba sa tashi, sai haidurojin ta zo ta rasa wurin zama. Ta bincika ƙasar, babu su. Ta bincika man, babu. Ita da abokan aikinta sun yi wata guda suna neman ta inda suka shiga. Abu ɗaya kawai ta lura da shi: a littafi ranar gwaji nake rubutawa, a jikin kwalba kuwa ranar haɗi, kuma da ta duba kalandar shekarun, duk bakwai ɗin ranar Juma'a na haɗa su. Har da na kwamiti. Ta ce, «Kawu, don Allah me kake yi ranar Juma'a wanda ba ka yi sauran ranaku?» Na ce, «Wanka da salla, 'yar nan. Ko su ma na'urarku ta hana?»

Ta yi dariya, ni kuwa bakina ya ci gaba da maimaita dalma da farar wuta, dalma da farar wuta. Kai ma ka san dutsen da ya haɗa su biyun, mun haddace shi a shekararmu ta farko. Kwalli ne, Mele. Kwallin da muke sa wa ido.

Ka tuna dattijon da ke riƙe da mabuɗin kabad ɗin kayan aiki? Ranar Juma'a da sha biyu yake kullewa ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai Litinin. Ƙananan cokulan awo duk suna ciki. Ni kuma in na sauko daga masallaci da tandun kwallina a aljihu, sai in zaro tsinkensa na tagulla, in goge a gefen riga, in tura garin da shi cikin siririn bututun da nake gasawa. Siriri ne, ya fi cokalin ma shiga. Ɗan abin da ya maƙale a jikinsa, wuta ta watsa shi a kan ƙarfen gaba ɗaya. Ban taɓa rubuta shi a littafi ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Da na faɗa mata sai ta yi ihu har Mas'uda matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta sa an aika mata kwalli daga kasuwar Kazaure, ta haɗa sabon gari, rabi ta taɓa shi da tsinke rabi ta bari. Jiya ta kira. Wanda aka taɓa ya mutu, ɗayan ya daskarar da mai. Daktoci huɗu da na'urar da ta fi gidana tsada sun yi wata guda, malamin lissafi mai ritaya ya warware musu a kan buhun wake.

Na yi sakaci, wannan na yarda, kuma da sakaci aka kama ni da na sunkuyar da kai. Amma ban yi ƙarya ba. Sadiqa za ta rubuta wa jami'a, kuma tana bukatar shaidar wanda ya gani da ido. Saura kai kaɗai a raye. Ba roƙonka nake yi ba, sanar da kai nake yi.

Ka gaida Hajja Kaka.

Naka,
Lawal

Roni,
25 ga Mayu, 2025

Zuwa ga abokina Mele,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya jiki, yaya zafi? Allah ya kawo mana damina mai albarka. Mas'uda tana gaida Hajja Kaka, ta ce daddawar ta iso, an gode.

Na ga kwafin shaidar da ka rubuta. Shafi uku, har da lakatar da ka yi da yatsa, har da cewa tsoro ne ya sa ka ce ba ka tuna ba. Ban zaci za ka sa wannan ba. Na yafe maka, duniya da lahira. Amma kada ka ɗauka Bafulatani zai daina kiranka bawansa.

Takardar jami'a ta zo ranar Laraba. Sun janye hukuncin 1984, sun ce a goge shi daga fayil ɗina, sun ba da haƙuri a layi biyu. Ranar Juma'a na sa babbar rigata, na rambaɗa kwalli da gangan, bayan an sauko na tsaya a majalisa na ba Maikasuwa ya karanta da ƙarfi, shi da ya raɗa mini Dakta Bota. Ya karanta yana tuntuɓe, na sa ya maimaita wurin ba da haƙurin. Da ya gama ya ce, «To Malam, yanzu me za mu riƙa kiranka?» Na ce, «Sunan dai za ku ci gaba da kira, sai dai yanzu ku tashi tsaye.» Wallahi Mele, biyu daga cikinsu sun tashi. Liman ya yi addu'a. Adda Uwa ta yi kuka har ta ba ni kunya. Ɗalibaina na Gwiwa, wasu da furfura, sun cika mota sun zo. Wasu matasa daga jami'o'i biyu sun zo na kai su ramin farar ƙasa, suka ɗiba a buhu kamar masu ɗibar zinariya, matan unguwa suna leƙe suna dariya.

In ƙafa ta bari ka zo bayan Sallah, za a yanka maka rago, ka ci ka ƙoshi yadda Barebari suka saba a gidan iyayen gidansu. Ka gaida yara duka.

Sadiqa ta aiko mini da mujallar da aka buga aikin. Shafi goma sha ɗaya, sunana ne na farko, nata na biyu. Jiya da safe na shimfiɗa tabarma, na sa tabarau, na karanta sau uku. Na gane sunana, na gane Roni, na gane kwanakin da na rubuta a jikin kwalabe. Sauran ban gane ba. Ba sababbin abubuwan kaɗai ba, har lissafin shafi na huɗu, wanda ta ce daga littafina ta kwafe shi yadda yake. Ni na yi shi ina da shekara ashirin da shida, yanzu ba na iya bin sa.

Naka har kullum,
Muhammadu Lawal