Kwalbar Yajin Maman Sadiya

Hajiya,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai miki wannan takarda. Da ma ko kina da rai ba ki cika karanta rubutuna ba, sai ki ce in faɗa da baki. To, ga shi dai.

Ina Doha wajen 'yarmu Bilki, a unguwar Garrafa. Jikar da kika zo wa wankan jego bara ta fara tafiya, da irin saurinki. Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatinki, na tarar da kwalaben yaji uku da kika daka wa ƙawayen da kika yi a nan, kowace da suna a murfi. Na taho da su.

Ranar Asabar Bilki ta tuƙa mu muka bi gaɓar teku, muka yi arewa. Ruwa a hannun dama, ya ɓace ya ɓullo, shuɗi iya ganin ido, ba mai wanki, ba mai shayar da shanu. Na ce mata wannan asara ce. Mun tsaya a Simaisima ta ɗauke ni hoto, na tsaya kamar mai jiran motar haya.

A garin Khor muka sauke kwalba biyu. Matar Alhaji Baba, mutumin zangon Kumasi, ta karɓi tata da ta maƙwabciyarta, ta yi kuka, ta cika mu da shinkafa da wake. Alhajin ya zaga da ni na ga jiragen katako na masunta, da wasu itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri. Ashe duk kin gani. Me ya sa ba ki ba ni labari ba? Ko kin bayar ina sauraren rediyo?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kwalba ta uku, ta Maman Sadiya ta Ruwais, na buɗe ta tun a gida. Mako uku ina barbaɗawa a abinci a ɓoye, ni da na shekara arba'in ina ce miki kin cika citta. Ba ki cika ba, Hajiya. Ban san yadda ake yabo ba ne. Kuma daga ita babu sauran dakanki a duniya.

Da muka bar Khor na ce wa Bilki Ruwais ta yi nisa, gwiwata na ciwo, mu juya. Ta dubi aljihun babbar rigata inda kwalbar take, ta ce khalas, wato magana ta ƙare, ai mun kusa.

A Ruwais na miƙa kwalbar. Maman Sadiya ta ga an ci kusan rabi, ta dube ni. Ta shiga ciki ta juye yajin, ta ƙi mayar mini da kwalba wayam, ta cika ta da dabino tukwici. Ba ta wanke ba. Ko mantuwa ce ko da gangan, ban tambaya ba.

A dawowa teku ya koma hannun hagu. Na ci ɗaya a mota, zaƙi da yaji, har na yi tari. Bilki ta miƙo ruwa.

Saƙonki ya isa. Kwalbar na kan tebur, rubutunki a murfi. Ɗaya nake ci kullum bayan la'asar, saura goma sha ɗaya.

Allah ya haskaka kabarinki. Sai na zo.

Naki, mai ƙorafin citta,
Baban Bilki