Gayyata Ɗaya, Lucius Biyu

Mississippi, Disamba

Yaya Cleophus,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da Anti Vernell kuna lafiya, kuma gwiwar taka ta yi sauƙi. Bayan gaisuwa, ni dai ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Takardarku ta iso, wadda kuka gayyaci ɗana Junior wasan zakarun ƙwallon Amurka na kwalejoji, na watan Janairu. Sai dai a hannun ubansa ta fara faɗawa, ka kuwa san sunansu ɗaya. Ƙanenka Lucius yana karantawa ya ce, “Odessa, sun kira ni!” Tun daga ranar kullum sai ya sa tsohuwar hular kwanonsa ya fita tsakar ciyawa, ya duƙa yana jiran a busa usur. Mutumin da shekaranjiya ya tsaya a kicin yana tambayata ina matar gidan ta shiga.

Likita bai ɓoye mana ba, gwaren da ya sha a filin ƙwallo ne ya cinye masa kai. Ga shi nan yana cin wake da burodin masara a gabana, amma in na dube shi wani lokacin tsigar jikina tashi take, kamar wani ne ya ari jikinsa.

Kana cikin kwamitin wasan nan. Don girman Allah ka cire sunan ɗana. Na ba ƙwallo mutum ɗaya, ya isa haka.

Ka huta lafiya.
Matar ƙanenka, Odessa

*

Ƙanwata Odessa,

Ina amsa gaisuwa, Vernell ma tana gaida ki. Gwiwa kam sai godiya.

Haba Odessa! Ke dai rana na tsaka kike hango hadari. Yaron nan daga kwalejin da ko direban bas bai san hanyarta ba ya fito. Mako guda manyan ƙungiyoyi za su zuba masa ido, a ina zai sake samun wannan? Kuma kin san kuɗin shiga da ake tarawa a ƙofa, asibitin yara yake tafiya. Ɗakin da aka kwantar da jikar Fasto Gaines bara, wasan nan ne ya gina shi.

Hulunan yanzu ba irin gwangwanayen da muka sa ba ne. Ni ma na sha gware, ga ni ras, in ban da surutu da Vernell ta ce ya yi min yawa.

Ba zan cire shi ba. Junior ba yaro ba ne, ya kira ni da bakinsa ya ce yana zuwa. Ki bari ya taho da Lucius, iskar teku za ta yi masa amfani. Ke ma ki zo, na gasa miki haƙarƙari.

Naki, Cleo

*

Janairu

Odessa,

Ina gaida ki. Na ga kujerarki babu kowa, ban kuma ga laifinki ba.

Da kin ga Lucius ranar da ’yan wasa suka ziyarci asibiti! Ya zauna a bakin gadon wata yarinya yana nuna mata yadda ake riƙe ƙwallo, tas kamar da. Samarin nan, da suka zo musayar tambarin makarantunsu kamar yadda aka saba, sai suka lilliƙa wa hularsa har ba a ganin fentin. Yana ta washe baki yana ce musu, kamar suna cikin fili, “Ku dai ku tare min hagu.”

Junior ya yi wasa, ba a magana. Ƙungiyoyi biyu sun nemi lambar wayarsa. Dab da tashi ya yi karo da wani ƙato, ya ɗan kwanta, ya miƙe da ƙafarsa, fili ya ɗauki tafi. Masu duba lafiyar ’yan wasa sun ce ba komai.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Lokacin da yaron ke kwance, Lucius ya damƙe min hannu, idonsa na kan fili, ya ce a hankali, “Yaya, ka ce musu kar su ɗaga ni tukuna.” Ya fi shekara biyar bai gane ni ba balle ya kira ni Yaya. Wallahi na ji tsoro, har yau abinci ba ya min daɗi.

Ki rubuto min yadda suka isa.

Cleo

*

Yaya Cleophus,

Na gode da gaisuwa. Sun iso lafiya.

Jiya Lahadi, da muka dawo daga coci muka zauna cin abinci, Junior ya ce, “Mama, wai wa ya ci wasan nan?” Na gaya masa. Kafin in gama zuba miya ya sake tambayata.

Ubansa ya ajiye cokali. Su biyun suka juyo suna kallona, suna jiran amsa.

A gaida Anti Vernell.
Odessa