An wanke min inji da zafinsa, 'yata ta biya a hanyar Gwada

Zuwa ga Shugaban masu wankin mota na Maitumbi, Minna.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaida kai da iyali, da duk masu riƙe tiyo da soso a ƙarƙashinka.

Sunana Ɗanjuma, tela ne ni. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, ba korata aka yi ba, ni da malamai ne muka gaji da juna. In ka ga kuskure a rubutun nan, nasu ne. Sau biyu na zo wurinka aka ce ka fita, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta.

Na farko, bari in fara da laifina kafin wani ya riga ni. Babbar 'yata Rukayya tana aure a Gwada, cikinta na fari ya tsufa, kuma kamar yadda aka saba sai ta dawo gida ta haihu a gaban uwarta. Ni zan ɗauko ta ranar Asabar ɗin da ta wuce. To uban mijinta tsohon direban babbar mota ne, yana da wata ɗabi'a: kafin ya gama amsa gaisuwarka ya buɗe maka bonet ɗin mota, ya leƙa, ya girgiza kai. Shekara biyu yana girgiza min kai. Na ce wannan karon sai na rufe masa baki. Abin da ya kai ni wankin inji ke nan, son a yaba min, ba wata lalura ba.

Na biyu, abin da aka yi min a ɗaya daga cikin wuraren wankinku. Ba zan faɗi sunan wurin a nan ba, amma in ka neme ni zan kai ka har ƙofa. Na iso daga Chanchaga injin yana huci, ko hannu ba ka iya ɗora masa. Mai wurin, magidanci da furfurarsa, bai bari ya huce ba. Ya tsiyayo fetur a gora ya yayyafa masa, tururi ya tashi har na ja da baya. Bai cire kan batir ba. Bai rufe komai da leda ba, ko altaneto, ko akwatin fiyus, ko wurin da wayoyi suka haɗu. Sai ya kunna injin feshin nan mai ƙarfi ya cusa bakinsa lungu-lungu. Da na yi magana ya tambaye ni ko ni ne zan koya masa aiki. Ni kuma da na ga ƙarfe yana sheƙi sai na ƙyale shi, har ina murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta.

Da na tayar, motar ta yi tari. Ya ce ruwa ne, iska za ta busar a hanya.

Na uku, hanyar. Ni da uwar Rukayya mun je lafiya da tarinmu. A dawowa, bayan la'asar, Rukayya da uwarta suna baya, motar ta fara jijjiga, ta yi warin waya mai ƙuna, ta mutu. Babu gida kusa, gonakin doya ne hagu da dama. Ranka ya daɗe, ka san wannan hanyar, ka san ba wurin da mutum ke son rana ta faɗi masa ba ne a 'yan shekarun nan. Ina murza makulli sai na ji uwarta ta kira sunana da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Naƙuda ce ta zo.

Motoci huɗu na tare suka wuce, kuma ban ga laifinsu ba, ko ni ne ba zan tsaya ba. Ni da ake cewa ba na rasa abin dariya, ranar na rasa. Ina tsaye a tsakiyar titi, hula a hannu, ina jin 'yata tana salati. Wata motar doya ce ta tsaya. A kan buhu, tsakanin doya, aka kawo Rukayya asibiti. Ta haifi mace, amma ta zubar da jini sosai, har yau tana kwance, likita bai sallame ta ba.

Na huɗu, abin da mai gyaran wutar mota da na kai wa ya gano: ruwa ya cika ramukan fulogi, ya shiga mahaɗar wayoyi, kwayil mai ba fulogi wuta ya tsage don an watsa masa ruwan sanyi da zafinsa. Ya ce sa'a na yi da fetur ɗin bai kama da wuta tun a wurin wankin ba. Na koma na gaya wa mai wurin, ya ce motata ce ta tsufa. Ta tsufa, ban musa ba, ni ma na tsufa. Amma da ƙafarta ta shigo wurinsa.

Ga roƙona. Ba kuɗin gyara nake nema ba. Ina so ka tara mutanenka ka kafa musu doka: kada a taɓa inji sai ya huce. A cire kan batir. A ɗaure kayan wuta da bakin shan iska da leda. A bar fetur da kananzir, a yi amfani da sabulun cire maiƙo da burushi, ruwa kaɗan-kaɗan, ba feshi ba. A goge, a bari ya bushe kafin a tayar. Wanda kuma ya zo irina, yana gaggawar burge suruki, a ce masa ya dawo gobe, ko da zai yi fushi. Sannan shi mutumin nan ya zo asibiti ya duba Rukayya, ya ga inda ruwansa ya kai.

Surukin nawa kuwa, ranar da na je ɗaukar ta bai buɗe bonet ba, yana ta hidimar baƙi. Sai washegari da ya zo taya ni janyo motar ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin mataccen inji mai tsabta haka ba. Ban yi dariya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya sa kada ka taɓa tsayawa a titi da hula a hannu 'yarka tana kiran sunan Allah a bayanka.

Wassalam.

Ɗanjuma Tela, Baban Rukayya,
Maitumbi, Minna.